Kerioba Biyu a Aji Ɗaya: Kwas Zan Maimaita ko Aji?

Assalamu alaikum Anti. Ni ɗalibar kimiyya ce a jami'a, na gama aji ɗaya. A zangon farko na samu GPA 3.40. Da sakamakon zango na biyu ya fito sai na ga F biyu, lissafi 36, fiziks 38. Ga hoton takardar nan na haɗo miki. Na tara makin kwas takwas ɗin na raba takwas, na samu 56, wanda na san C ce, amma sai suka rubuta mini GPA 2.39, CGPA 2.92. Ko kuskure suka yi? Ɗan baffana da ke karatun likita ya ce ko dai in yi risit nan da 'yan watanni ko in maimaita aji. Ƙawata kuma ta ce in na sake rubutawa F ɗin gogewa take yi. Shi lissafin ma gwajin tsakiyar zango ne ya wuce ni, ina kwance ba lafiya, kuma ban gaya wa kowa ba. Baba shi yake biya mini komai, burinsa in fita da 2:1 in zarce digiri na biyu. Sati uku ke nan ina ce masa sakamako bai fito ba. Ko barci ba na iya yi. Don Allah Anti, yaya zan yi?

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah Ya ƙara lafiya. Bari in fara sauke miki abin da ya fi nauyi: ba aji za ki maimaita ba. Takardar da kika turo ta nuna jami'arku tana kan tsarin yunit da ma'aunin maki 5, wanda yawancin jami'o'in Najeriya suke bi, kuma a wannan tsarin mai CGPA 2.92 tana shiga aji biyu tare da 'yan ajinta. Kwas biyun nan ne kawai za su biyo ki, su ake kira kerioba. Yau ki yi barcinki. Gobe kuma ki ɗauko biro da takarda, don akwai lissafin da nake so ki iya yi da hannunki. Na daɗe ina zama da ɗalibai a kan irin wannan takarda, kuma da yawansu har su kai aji uku ba su taɓa zama sun ga yadda lambar da ke ƙasan shafin take fitowa ba. Suna dai karɓarta kamar saukar ruwan sama.

Ba su yi kuskure ba. Ke kin tara ɗanyen maki kin raba, kamar yadda aka saba a sakandare. Jami'a kuwa sai ta fara mayar da makin harafi, sannan ta ba harafin daraja. Daga 70 zuwa sama A ce, darajarta 5. Daga 60 zuwa 69 B, daraja 4. Daga 50 zuwa 59 C, daraja 3. Daga 45 zuwa 49 D, daraja 2. Daga 40 zuwa 44 E, daraja 1. Duk abin da bai kai 40 ba F ce, sifili. Akwai jami'o'in da suka cire E suka mayar da 45 makin tsira, amma takardarki ta nuna ku a 40 kuke. Bayan haka kowane kwas yana da nauyinsa, wato yunit, wanda galibi yake nuna awa nawa ake koyar da shi a mako. Sai a ninka darajar harafin da yunit ɗin kwas, a tara duka, a raba da jimillar yunit. Abin da ya fito shi ne GPA, wato matsakaicin makin wannan zangon.

To mu ɗora a kan taki. Lissafi yunit 3, F, sifili. Fiziks yunit 3, F, sifili. Kemistiri kin samu 62, B ce, 4 sau 3, ya ba ki 12. Bayoloji 57, C, 3 sau 3, 9. Kwas ɗin gama-gari 66, B, amma yunit 2 ne, 8. Kwamfuta 47, D, yunit 2, 4. Sai firaktikal guda biyu, 74 da 71, duka A, amma kowanne yunit 1 ne tak, 5 da 5. In kin tara za ki samu 43. Yunit ɗin duka 18 ne. Ki raba 43 da 18, ga 2.39 nan. Kin ga inda 56 ɗinki ya ruɗe ki? A ɗin da kika samu a kwas mafi sauƙin nauyi suka sauka, F ɗin kuma a mafi nauyi. Kwas mai yunit 3 sau uku yake magana a lissafi, mai yunit 1 sau ɗaya. Firaktikal ɗin nan biyu gaba ɗaya, da duk kyawunsu, ba su kai nauyin fiziks shi kaɗai ba.

Akwai kuma abin da ya kamata ki lura da shi a wannan ma'auni, don zai canza yadda kike kallon kowane gwaji. Matakala ce, ba gangare ba. Mai 38 da wadda ba ta rubuta ko sunanta ba, duk sifili suke ɗauka. Mai 60 da mai 69 duk 4. Amma tsakanin 69 da 70 akwai daraja guda cur. Maki 2 kacal ya raba ki da tsira a fiziks. Maki 3 ya raba D ɗin kwamfuta da C. Irin waɗannan makin ba a ɗakin jarabawa ake yawan rasa su ba, a aikin gida ne da ba a miƙa ba, da ɗan gwajin da malami ya yi ba sanarwa ranar da ba a shiga aji ba.

CGPA kuwa shi ne wannan lissafin dai, amma tun daga ranar da kika shiga jami'a. A zangon farko kin ɗauki yunit 20 kin tara 68, shi ya ba ki 3.40. Ki haɗa 68 da 43, 111. Ki haɗa 20 da 18, 38. Ki raba 111 da 38, 2.92. Kada ki riƙa haɗa GPA biyu kina rabawa biyu, don zangunan ba nauyinsu ɗaya ba, kuma nan gaba bambancin zai fi haka. Lambobi biyu nake so ki rubuta a bangon littafinki ki riƙa sabunta su duk zango: jimillar makin da kika tara, da jimillar yunit ɗin da kika yi rajista. Yau 111 da 38 ne. Duk wata tambaya da za ki yi game da makomar digirinki, amsarta daga waɗannan biyun take fitowa.

Ɗan baffanki ba ƙarya ya yi miki ba, dokar gidansu ya faɗa miki. Karatun likita tsarinsa daban ne. Da zarar sun shiga ainihin kwasakwasan likitanci makin tsira 50 ne, jarabawarsu ta ƙwarewa ce da ake yi a matakai, wanda ya faɗi wani ɓangare ana ba shi damar sake zama bayan ɗan lokaci, wato risit, in ya sake faɗuwa ya maimaita shekarar, in abin ya ci gaba a sallame shi daga tsangayar. Digirinsu ma ba a raba shi daraja-daraja, irin su 2:1 da 2:2, kamar naku. Su ba sa jan kwas zuwa gaba, domin ba za a bar wanda bai san jikin ɗan Adam ba ya shiga ɗakin marasa lafiya da alkawarin zai koya daga baya. A sashenku babu wannan risit ɗin a yawancin jami'o'i. Kwas ɗin da kika faɗi sai kin sake yin rajistarsa, kin sake shiga aji, kin sake gwaji da aikin gida, sannan jarabawa. Makin zangon da kika tara bara ba ya biyo ki. Kuma ba a lokacin da kika ga dama ba, sai lokacin da aka sake koyar da shi. Naki duka na zango na biyu ne, saboda haka sai zango na biyu na aji biyu za ki haɗu da su.

Maganar ƙawarki ita ce ta fi buƙatar gyara, don ita ce ta fi yaɗuwa a tsakanin ɗalibai, kuma tana sa mutum ya yi sakaci. A yawancin jami'o'in da ke kan tsarinku F ba ta gogewa. Tana nan a takardar, kuma yunit ɗinta yana nan a cikin abin da ake rabawa da shi. In kin sake lissafi kin ci A, kin samu 15, amma yanzu kwas ɗin ya ci miki yunit 6, 3 na bara da 3 na bana. Ki raba 15 da 6, 2.5 ke nan, tsakanin D da C. In B kika ci, 12 a kan 6, daidai da D. Wannan shi ne ainihin tsadar kerioba, kuma shi ya sa ban yarda ɗalibi ya shiga sake kwas da niyyar "in dai na samu 40 shi ke nan" ba. E bayan F, maki 3 ne a kan yunit 6. An fita daga bashin kwas, amma CGPA ya sha duka sau biyu.

Wataƙila ƙawar taki a wani wuri ta jiyo zancen, don akwai inda yake da ƙanshin gaskiya. Wasu jami'o'in Amurka, masu ma'aunin maki 4, suna barin sabon sakamako ya maye gurbin tsohon a lissafi, ko da yake tsohon yana nan a rubuce. A Ingila mai sake jarabawar digirin farko galibi ba a rubuta masa fiye da 40 komai ƙoƙarin da ya yi. A Faransa da Nijar da sauran ƙasashen da ke bin tsarin LMD, wato digirin farko, na biyu da na uku, kuwa a kan 20 ake ba da maki, 10 ne tsira, kuma sau da yawa kwas mai kyau yana iya ɗauke wa marar kyau nauyi in matsakaicin zangon ya kai 10, wanda bai kai ba kuma ya shiga jarabawar cike giɓi. Kin ga kowa da dokarsa. Ko a cikin ƙasa ɗaya ma jami'o'i suna saɓawa a wasu ƙananan abubuwa. Shi ya sa duk abin da na faɗa miki, ki gwada shi da kundin dokokin ɗalibai na sashenku, wannan ɗan littafin da aka raba muku lokacin rajista wanda mafi yawanku ba ku buɗe ba. In shi da ni muka saɓa, shi za ki bi.

Yanzu ga wurin da nake so ki buɗe kunne sosai, don a nan ne kerioba biyu suke zama ƙarin shekara. Ana ƙayyade wa ɗalibi yunit ɗin da zai ɗauka a zango, galibi kada ya gaza 15 kada ya wuce 24. Kuma kerioba ake fara sa wa a rajista kafin sababbin kwasakwasai. In kwasakwasan aji biyu na zango na biyu sun kai yunit 20, ga naki 6, ya zama 26. Dole ki ajiye wani abu ya jira baɗi. Abin da za ki ajiye ba da ka ake zaɓensa ba, da kodinetan ajinku za ki zauna, domin wasu kwasakwasan sharaɗi ne na wasu. Akwai lissafin aji biyu da ba za a bari ki ɗauka ba sai kin ci na aji ɗaya, kuma in kin ajiye kwas ɗin da yake ƙofar wani a aji uku, kin tura wa kanki matsala gaba. Sannan a sassan kimiyya da yawa, zango na biyu na aji uku na SIWES ne, ɗalibi yana waje yana koyon aiki wata shida, ba ya rajistar wani kwas. Ki tambaya ko haka yake a sashenku. In haka ne, to duk abin da ya kuɓuce miki a zango na biyu na aji biyu, ba za ki sake ganinsa ba sai zangonki na ƙarshe a jami'a, lokacin da furojet, wato binciken kammala digiri, ya danne ki. In a nan ma ya ƙi, sai sifiloba: 'yan ajinki su tafi, ke ki dawo ki biya rajistar shekara guda saboda kwas ɗaya.

Na taɓa ganin haka a gabana, kuma har yau in na tuna sai raina ya sosu. Wata yarinya ce mai ƙoƙari, CGPA ɗinta ya haura 3.60. Tana da F ɗaya ta aji ɗaya, yunit 2. Kunyar shiga aji da ƙannenta ta sa kullum tana cewa sai baɗi. Ta zo ofis a shekarar ƙarshe da fayil ɗinta a rungume, tana murmushi, a sa mata hannu. Da aka bi takardun layi-layi aka kai wurin, sai ta yi shiru, ta sa yatsa a kan harafin tana kallo kamar yau ta fara ganinsa. An riga an rufe rajista. Shekara guda ta ƙara.

Ki kiyaye abu biyu game da rajista. Kwas ɗin da kika yi rajista ba ki rubuta ba, F ce. Kwas ɗin da kika rubuta ba ki yi rajista ba, kamar ba ki rubuta ba ne. Ki fitar da takardar rajistarki daga fotal, ki duba lambar kowane kwas da idonki, a sa miki hannu, ki adana kwafi. Ranar da jadawalin jarabawa ya fito kuma, ki duba ko kerioba ta yi karo da wani kwas na ajinku. In ta yi, a ranar za ki kai wa jami'in jarabawa na sashe, ba da safiyar jarabawar ba.

Kin tambayi yaushe ake maimaitawa, bari in ƙarasa miki. F a kwas na dole, babu makawa sai an sake. F a kwas na zaɓi, wasu sassan suna barin a ɗauki wani a madadinsa, amma sifilin yana nan a lissafi. D da E kuwa an ci, kuma a yawancin wurare ba a yarda a sake su don gyaran maki ba, saboda haka D ɗin kwamfuta ta zauna ke nan. Abin da ya yi kama da maimaita aji a tsarinku shi ne gargaɗi, wanda ɗalibai suke kira furobeshan. Yana hawa kan wanda CGPA ɗinsa ya faɗi ƙasa da 1.00 a ƙarshen shekara, wasu jami'o'in kuma 1.50. Ana ba shi shekara ya farfaɗo, in bai farfaɗo ba a sallame shi ko a ba shi shawarar sauya sashe. Akwai kuma iyakar shekaru: digirin shekara 4 galibi ba a wuce 6. Tsakaninki da duk waɗannan akwai nisa sosai.

Sai burin Baba. Ga yadda ake raba digiri a ma'aunin maki 5: daga 4.50 zuwa 5.00 daraja ta ɗaya, daga 3.50 zuwa 4.49 shi ne 2:1, daga 2.40 zuwa 3.49 shi ne 2:2, daga 1.50 zuwa 2.39 daraja ta uku. Yau kina tsakiyar 2:2. Mu ƙaddara saura miki yunit 120 a shekara uku, har da kerioba. Ainihin adadin yana cikin kundinku, ki sa shi a madadin nawa. In kin haɗa da 38 na baya, 158 ke nan. Don ki fita da 3.50 kina buƙatar 3.50 sau 158, wato 553. Kina da 111. Saura 442 a kan yunit 120, kusan 3.7 a kowane zango. Ma'ana yawancin kwasakwasanki su zama B, C kaɗan, A jefi-jefi tana cike giɓi. Wadda ta yi 3.40 a zangonta na farko, tana baƙuwa ba ta ma gama sanin hanyar aji ba, 3.7 bai fi ƙarfinta ba. In kin riƙe B zalla ma da 3.74 za ki fita. Daraja ta ɗaya kuwa, gara in faɗa miki gaskiya, a wannan lissafin sai kin ci A a kowane kwas har ki gama, ba ko ɗaya da zai sauka. Kada ki ɗora wa ranki wannan.

Amma ki dubi yadda ƙofar take tsukewa. In kin gama aji biyu har yanzu kina 2.92, abin da za ki buƙata a sauran shekara biyu ya haura 4.00. In kin gama aji uku a haka, za ki buƙaci fiye da 5.00 a shekarar ƙarshe, abin da babu shi. Dalili kuwa, kullum yunit ɗin da ke bayanki ƙaruwa yake yi, sabon zango kuma ƙarfinsa na raguwa. Yanzu da kike da 38 kacal, zango ɗaya mai kyau yana ɗaga ki sosai: yunit 20 a kan 4.00 zai kai ki 3.29 nan take. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ɗalibai da yawa sai a aji huɗu suke farkawa, su kwana a aji suna karatu, su yi 4.60, su ga CGPA ya motsa da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, su ce an zalunce su. Shekarar da za ki shiga ita ce ta yanke hukunci a kan 2:1 ɗinki.

Zancen gwajin da ya wuce ki, a nan zan ɗan yi miki faɗa. Aikin zango, wato gwaji da aikin gida, yana ɗaukar maki 30 ko 40 cikin 100. Kin samu 36 ba tare da wannan gwajin ba, wanda ke nuna ba lissafin ne ya gagare ki ba. Da kin kai takardar asibitin makaranta ga malamin da kodineta a satin, da wuya a ce ba a nema miki mafita ba. Jami'a tana da hanyar da ta tanada wa marar lafiya, har wanda jarabawa ta wuce shi gaba ɗaya, in hukuma ta amince da uzurinsa, ana ƙirga masa zaman gaba a matsayin na farko ba tare da F ba. Amma hanyar tana da wa'adi, kuma takarda take ji, ba labari ba. Yanzu da sakamako ya fito, mai yiwuwa lokaci ya ƙure. Duk da haka in kina da shaidar asibiti ki kai wa kodineta ki tambaya, matambayi ba ya ɓata. Kada dai ki gina shirinki a kan za a gyara.

Fiziks ɗin ma ki nemi ganin yadda 38 ya haɗu, nawa ne na zango, nawa ne na jarabawa. Yakan faru a manta shigar da makin wani gwaji, musamman a aji mai ɗaruruwan ɗalibai, kuma wannan gyara ne da ake yi ta hannun jami'in jarabawa. In komai ya shiga daidai, ki karɓa. Akwai neman a sake duba takarda ta hanyar hukuma, amma ban cika ba da shawararsa ba sai ga wanda ya tabbata an yi masa kuskure babba, don yana ɗaukar lokaci. Abin da nake roƙonki da babbar murya shi ne kada ki bi ta bayan gida. Za ki samu masu ce miki sun san wanda zai mayar da 38 ta zama 40. Kerioba shekara guda take ci in ta yi yawa. Wannan hanyar kuwa tana iya cin digirin gaba ɗaya, ta haɗa da mutuncinki, kuma 'ya mace ce ta fi kowa shiga haɗari a cikinta.

In lokacin sake kwas ɗin ya zo, ki shiga aji kamar ba ki taɓa yinsa ba. Ki zauna da 'yan aji ɗaya, ki rubuta sunanki a takardar halarta, don jami'o'i da yawa suna sharɗanta kashi 75 cikin 100 na halarta kafin a shiga jarabawa. Ki shiga zaurensu na WhatsApp don kada gwaji ya sake wuce ki, tunda sanarwar ba a zauren ajinku za a yi ta ba. Malamin ma yana iya canzawa, ya zo da nasa salon. Kuma lissafi da fiziks ba a karanta su kamar labari. Tun daga zangon farko, kafin a fara su, ki ware awa biyu ko uku a mako kina warware tambayoyin shekarun baya da biro, ki rufe amsar, ki yi, ki buɗe ki ga inda kika kauce. Kina da wata da watanni a hannu, abin da 'yan aji ɗaya ba su da shi. Harafin A nake so ki nema a duka biyun.

Saura Baba. Ƙanwata, sati ukun nan sun isa. Na san ba rashin tarbiyya ya sa kika ɓoye ba, nauyinsa kike ji da tsoron ganin ransa ya ɓaci. Amma barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Sakamako abu ne da yake fita, ko ta bakin ɗan baffan naki, ko ta wani uba da 'yarsa take ajinku. In ya ji a waje, F biyun za su zama ƙaramin abu a kan cewa kin dube shi sau da yawa kin ce bai fito ba. Wannan ne zai daɗe a ransa. In kina jin ba za ki iya tunkararsa kai tsaye ba, ki fara da Mama ko wata babba da yake jin maganarta, amma ke ma ki kasance a wurin, maganar ta fito daga bakinki.

Ki je masa da takarda biyu, sakamakon da kuma lissafin da muka yi yanzu, da rubutun hannunki. Ki fara da neman gafara a kan jinkirin, kada ki lulluɓe shi da uzuri. Sannan ki faɗa masa yadda abin yake: kin faɗi kwas biyu, ɗaya saboda gwajin da rashin lafiya ya hana ki kuma ba ki sanar ba, ba za ki maimaita aji ba, shekarar gamawarki tana nan in kin ci su a zama na gaba, kuma 2:1 yana yiwuwa in kin riƙe kusan 3.7. Zai iya yin faɗa, ki sunkuyar da kai ki saurara. Kada ki yi masa alkawarin abin da lissafi bai ba ki ba don kawai ki sanyaya masa rai a ranar. Ki ce masa duk zango za ki kawo masa takardar da kanki, ranar da ta fito.

Bayan kin gama da gida, kafin a buɗe rajista ki sami kodinetanku da tambayoyin nan: yunit nawa ne kwasakwasan aji biyu na zango na biyu, wane kwas ne lissafi da fiziks na aji ɗaya suke tsare wa ƙofa, kuma a wane zango sashenku yake fita SIWES. In kin samo amsoshin ki sake rubuto mini, mu zauna mu ga wanne za ki ajiye in yunit ɗin ya haura 24. Allah Ya ba ki sa'a, Ya sanyaya zuciyar Baba.